Lamba Tara

Ni ke wanke rigunan 'yan ƙwallon jami'a,
shekara goma sha ɗaya ke nan a bayan fili,
baho biyu, igiya ɗaya, sabulu sanda uku a mako.
Nakan gane gumin kowa tun ban duba lamba ba,
ban taɓa miƙa wa wani rigar wani ba.

Ta Longji ta fi ba ni wuya.
Lamba tara. Jar ƙasar Naraguta a kafaɗa,
ciyawa a ƙirji, wani sa'in jini a wuya.
Ɗan Pankshin ne, yana karatun ma'adinai.
Da asuba dakon tumatir a Farin Gada,
ƙarfe takwas aji, ƙarfe huɗu fili,
da dare gari da ƙuli, sukari sai an dace.
Bai taɓa ce mini ya gaji ba.

Ranar da suka ɗauko kofi
manya suka sauko daga rumfa suna naɗe hannun riga,
kowa na neman gefen da mai hoto yake.
Aka kafa hotonsa a ƙofar makaranta, ya fi soro tsawo,
kamfanin lemo ya liƙa tambarinsa a ƙasa.
Shi kuwa kwalba biyu da takardar yabo.
A hannuna ya ranci kuɗin komawa ɗaki,
ko na mota ba a ba su ba.

Rediyona na rataye a reshen gwaiba,
ina cuɗa, suna musu daga Abuja:
a biya ɗalibi mai wasa, ko kada a biya?
Wani mai muryar wanda ya ci ya ƙoshi
ya ce ilimin shi ne ladan, kuɗi na lalata yaro.
Wata ta ce malaman ma bashi suke bi,
wa ke ta ɗan maraƙi, saniya na kwance?
Na tsaya da kumfa a hannu, don maganarta da nauyi.
Aka ce an kafa kwamiti. Aka sako talla.
Ni dai ba su tambaye ni ba.

Da sun tambaya, da na ce su zo Jos
in zaga da su kududdufan kuza,
inda kakana ya yi dako da kwano a ka.
An kwashe na ƙasa an loda wa jirgi,
an bar mana rami da koren ruwa, shanu na faɗawa.
Ba a dawo an cike ko guda ba.

Gwiwar Longji ta tafi a watan Yuli,
ana yayyafi, saura minti bakwai a tashi.
Daga wurin shanya na ji ta, kamar an karya rake.
Asibiti suka ce dubu ɗari takwas.
Ofis suka ce babu gurbin wannan a kasafi.
Uwarsa ta sayar da dankalin bana tun yana cikin ƙasa,
abokansa suka zaga da hula aji-aji,
har yau kuɗin ba su cika ba.

Lissafin manya ya fi ƙarfina,
kuma ba mota na ce a saya masa ba.
Amma ni mai wanke gumin ana biyana, ko da a makare.
To, mai gumin fa?
Na kai wa mai horar da su wannan tambaya,
ya yi dariya, ya ce, "Baba Sambo, ka shiga siyasa,"
ya busa usur, bai amsa ba.

Jiya na gan shi a Taminus, da sanda,
yana tsaron teburin cajin waya na wani.
Ya ce saura zango biyu ya gama, in Allah ya so.
Ya tambayi wa ke sa tara yanzu.
Na ce wani ɗan Shendam, yana da gudu, amma bai kai ka ba.
Ya sunkuya yana warware wayoyin da ba su harɗe ba.

Na dawo na tarar da rigar a baho.
Akwai wani tabo a gefen hagu tun Yuli.
Na sa sabulu, na matsa lemun tsami,
na bar ta a rana har la'asar.
Bai fita ba.